Yadda Jar Fitila Ta Raba Ni da Ƙwaryar Kakata

Na manta shekarar da aka haife ni. Sunayen jikokina ma sai na kira uku kafin in dace da wanda nake nufi. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar sunan tattaɓa-kunnena ta fari ba, a Bungudu, ranar da matan unguwa guda suka ga abin da na ɓoye a ƙarƙashin zanena.

(Ni ban yi boko ba. Ɗiyata Balkisu ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda. Na gargaɗe ta kada ta ƙara gishiri, kada kuma ta yi dariya inda ba wurin dariya ba. Ga ta nan tana yi tun ban fara ba.)

To, ku saurara. A zuri'armu akwai wata ƙwarya. Ba ta da wani ado, bakinta ya tsage an ɗinke har sau biyu, amma da ita kakata ta yi mini wankan suna, da ita uwata ta yi wa 'ya'yana, da ita na yi wa jikokina kaf. Al'adar gidanmu ce. Ranar bakwai, in wanzami ya gama aski, babbar mace a dangi za ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta naɗe zane zuwa cinya, ta miƙe ƙafafu bisa daro, a kwantar mata da jariri a kan ƙwaurinta, ta wanke shi da wannan ƙwarya. Wadda ƙwaryar ke ɗakinta ita ce uwar dangi. Ba a sa ranar biki, ba a raba gardama, sai an ji ta bakinta. Shekara da shekaru tana rataye a ɗakina a Tsafe, ko ƙuda bai isa ya sauka a kanta ba sai da iznina.

Mutum ɗaya ce ta sa mata ido, ita ce Kulu. Kulu taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, kakarmu ɗaya. A Bungudu ta yi aure, can ta tsufa, gidanta bai da nisa da na Balkisu. Na girme ta da damina guda, ita kuwa ta ce wata uku ne, kuma watannin ma gajeru. Tun muna yin gaɗa take tsokanata, har yau da haƙoranmu in an haɗa ba za su cika baki ɗaya ba.

Bara aka yi wani biki na dangi a Gusau. Muna zaune ana cin goro, Kulu ta fara ba mata labarin wata fitila da ɗanta ya aiko mata. Wai ja ce, wai ana haska ta a gwiwa, wai tana rage ciwon gaɓɓai. Mata suka matso suna tambaya. Ni kuwa, ku sani, a Tsafe da iya gasa jiki aka san ni. Mai jego, mai targaɗe, mai sanyin ƙashi, duk ƙofata suke zuwa: ruwan zafi, tsumma, ganyen dogon yaro, man kaɗe, da hannuwan nan nawa biyu. Ina zaune a yi wa fitila kirari a gabana?

Na gyara murya na ce, "Kulu, gwiwa dai ba ta da ido. Mi za ta gani da fitila? Ko ɓacewa ta yi kike nemanta?"

Mata suka kwashe da dariya. Da na tsaya nan, da na tsira. Amma dariyar mutane kamar zuma take, in ka lasa sai ka sake kai hannu. Na ɗaga yatsa na ce duk ranar da aka ga fitila a ƙafata, Kulu ta zo ta ɗauki ƙwaryar Kaka, na ba ta duniya da lahira. Kulu ba ta yi dariya ba. Ta juya ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kun dai ji." Suka ce sun ji. (Allah ya taimake ni ban haɗa da rantsuwa ba, da har azumin kaffara ya hau kaina.)

Ana nan, ana nan, damina ta faɗi, gwiwata ta hagu ta ce ga ta. Da safe in na tashi sai ta yi ƙara kamar ana karya kara. Na gasa, na shafa, na ɗaure, na sake gasawa har fatar ta yi sheƙi. Ta ɗan lafa da rana, ta dawo da asuba. Salla ta koma a zaune. Ga kuma jikata Nafisa, ɗiyar Balkisu, cikin fari ya tsufa, ta dawo gidan uwarta a Bungudu tana jiran haihuwa. Wata rana na ce bari in gwada kaina. Na jawo kujera 'yar tsugunno tsakar gida na zauna. Zama dai ya yiwu. Tashi ne ya gagara. Tun hantsi nake nan ina yi wa masu wucewa murmushi, ina cewa iska nake sha, sai da aka kira azahar gida ya yi shiru na rarrafa na kama turmi na miƙe.

A makon nan aka yi rasuwa a dangi, Kulu ta zo Tsafe gaisuwa. Da za ta koma, da idona na ga ta ɗaga ƙafa ta hau babur ba wanda ya riƙe ta. Har ta waiwayo ta ɗaga mini hannu. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Sai na yi shawara da zuciyata, ita kuwa zuciya muguwar abokiyar shawara ce. Ta ce mini alkawarin ai cewa na yi ranar da aka gani. In ba a gani ba fa?

Na sayar da ɗan bunsuruna. Na ce wa mutanen gida zan tafi Gusau sayen kayan barka. Na ari niƙabi, ni da ban taɓa sa shi ba ko ina amarya, na shiga mota ina tuntuɓe da matakala. A Gusau na yi ta tambaya a kaikaice har aka nuna mini wani shagon kayan asibiti, inda ake sayar da sandunan guragu da abin awon jini. Mai shagon mutumin kudu ne, amma ya daɗe a garin har bakinsa ya koma na Zamfarawa. Na ce masa wata maƙwabciyata ce ta aiko ni, tsohuwa ce, gwiwa ta dame ta. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, wace ƙafa ce? Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya dafa tawa ta hagu. Ya dubi hannun, ya dubi niƙabin, ya ce, "To, Hajiya, bari mu nemo wa maƙwabciya abin da ya dace da ita."

Ya fito da iri uku. Ta farko faffaɗa ce kamar allon karatu, sai an jona ta da wutar lantarki, kuɗinta kuwa ko bunsuru huɗu ba za su kai ba. Na ce a Tsafe wutar ma baƙuwa ce, ya mayar. Ta biyu kamar tocila, mai araha ƙwarai, amma sai ka riƙe ta da hannu kana zagayawa, kuma hasken bai fi bakin ludayi ba. Na ce wannan kafin ta gama gwiwa guda an yaye jaririn. Ta uku ɗamara ce ta baƙin yadi mai taushi, gefe guda an jera mata ƙananan ƙwayaye kamar duwatsun wuya. Ana yi mata caji da igiya irin ta waya, ni kuwa ɗana ya kafa mini 'yar sola a ɗaki saboda fanka. Ita ce ta shiga raina, don ita kaɗai za ta ɓuya a cikin zane.

Na zaɓe ta yadda uwata ta koya mini zaɓen kaya. Na ƙwanƙwasa ta kamar tukunya, na shinshina, na ja ɗinkin da ƙarfi, na auna nauyinta a tafin hannu kamar kaza. Ya kunna, shagon ya yi ja. Na kara bayan hannuna na ce ina zafin? Ya ce ɗumi kaɗan take yi, ba da zafi take aiki ba, hasken ne ke ratsa fata. Na ce a raina maganin da ba ya ƙuna ai wasa ne, amma tun da Kulu ta hau babur, a zuba. Muka yi ciniki har ya share gumi.

Mutumin nan, in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, ya so ya yi mini bayani. Ya ce kwata ɗaya na awa ya isa, da kanta za ta mutu. Ya ce kada a zura mata ido, kada ta taɓa ruwa, kuma ba ta hana zuwa wurin likita. Ya ɗaga ta ya ce, "Sannan wanga gefen, Hajiya, shi ne za ki..." Daidai nan na hango wata 'yar unguwarmu tana taya bokiti a shagon da ke kallonmu. Na fizge ɗamarar na ce, "Ɗan nan, tun ba a haifi uwarka ba nake ɗaura wa mutane magani." Na fice. Kwalin, mai ɗauke da hoton ƙafa da komai, na miƙa wa wata mai ƙosai a tasha ta hura wuta, don kada a gan shi a kayana. Takardar cikinsa ma na haɗa mata. Me zan yi da takarda?

Washegari da hantsi na rufe ƙofa, na saki labule, na shimfiɗa ɗamarar a kan gado na tsaya ina nazarinta. Gefe guda ƙwayaye masu tauri da sheƙi, gefe guda yadi mai laushi. To, jama'a, ku yi mini adalci. Tun da nake a duniya, wane zane ne ake ɗaura shi fuskarsa na kallon jiki? Atamfa, leshi, saƙi, kowanne adonsa waje yake kallo, laushinsa ke bin fata. Ko jirgin sama aka ba ni in ɗaura, haka zan ɗaura shi. Na shafe gwiwa da man kaɗe, na murza sosai yadda na saba, na kara gefen mai laushi a fata, ƙwayayen suna kallon duniya.

Bakin ɗamarar yana da wani abu kamar ƙarangiya da ya kamata ya manne da ɗan'uwansa. Ya ƙi mannewa. Na juya, na danna, ya ƙi. Na ce ai dama an faɗa, araha ba ta ado. Na yage tsohon zane na yi tsumma, na naɗe sama da ƙasa, na ƙulle irin ƙullin da nake yi wa amare in na yi musu ƙunshin lalle, wanda ko sun kwana suna shure-shure ba ya kwancewa. Ɗan maɓallin da ake dannawa kuwa na neme shi na rasa, ashe ya shige ciki, yana manne da bayan gwiwata. Ina lanƙwasa ƙafa sai na ji ƙit, kamar kukan gyare, ɗakin gaba ɗaya ya koma ja kamar an zuba shi cikin zoɓo. Bango ja, kwanuka ja, kazata da ke kwanci a ƙarƙashin gado ta leƙo, ita ma ja.

Na ce tabbas wannan magani ne mai ƙarfi. Abin da ya cika ɗaki haka, ina ga gwiwa guda?

Kullum sai na yi, safe da la'asar. In ta yi kwatanta ta mutu, sai in lanƙwasa ƙafa, ƙit, ta farfaɗo. In na sake lanƙwasawa ta koma ƙifta ido, a ta uku ta yi shiru. Na yi ta mamakin hikimar masu ƙera ta, fitilar da ta san lokacin da gwiwa ta motsa. Saboda daɗin abin na shigo da kujera 'yar tsugunno ɗaki, in zauna, ƙit, in tashi, ƙit, in miƙe ƙafa, in naɗe, ina yi ina ƙirga tasbihi. Kwanci tashi, sati uku. Ranar nan na zauna na tashi da dafa bango da hannu ɗaya kawai. Har addu'a na yi wa wanda ya ƙera ta, ko wane ne, Allah ya shirye shi in ba shiryayye ba ne.

Sai ga waya, Nafisa ta sauka lafiya, an samu mace. Da a da ne, a ranar zan kama hanya. Amma na ce gyaɗata na shanya, sai ranar suna, don in ƙara wa gwiwa kwana shida. Ranar suna bayan asuba zuciyar nan tawa ta sake ba ni shawara. Ta ce hanya da nisa, zaman mota zai sandarar da ƙafar, ki ɗaura ta yi miki aiki a hanya, in kin isa ki shiga bayi ki kwance. Na ɗaura, na ƙulle tam, na ɗora zane biyu masu kauri, na zura dogon hijabi, na rungume ƙwaryar Kaka a cikin mayafi.

Motar da na samu ta cika, aka ba ni kujerar da ke kan taya, inda gwiwa ke gaisawa da haɓa. Ba mu bar Tsafe sosai ba muka faɗa rami. Ƙit. Muka fito. Ƙit. Wanda ya san hanyar nan ya san ba a ƙirga ramukanta. Direba ya rage rediyo. Ya kashe ta gaba ɗaya. Ya karkata kai yana saurare kamar mai farauta. Ya ce jiya-jiya ya karɓo motar daga gareji, kuma wannan kukan bai san shi ba. Ya tambaya ko wayar wani ce, kowa ya ciro tasa ya nuna, ni ma na nuna tawa. Da muka kai wani ƙauye mai mutane ya tsaya, don ba ko'ina ake tsayawa a hanyar nan ba, ya buɗe gaban mota ya yi ta leƙe. Muna tsaye, ƙafata ba ta motsi, shiru. Muka tashi, rami na farko, ƙit.

Ni kuwa na kafa ido a taga ina jan carbi, fuskata kamar ta mai takaba. Wani dattijo a bayana ya ce ko batir ne, wata mata ta ce ko birki. Da na ga kowa ya kawo tasa, shiruna zai zama abin zargi, sai na ce wataƙila gyare ne ya shiga inji. (Allah na tuba. Bawan Allah nan har da sunkuyawa yana kaɗa ƙarƙashin kujeru da tsumma.) A bakin Gusau ya kai mu wurin makanike, aka sauke mu, aka zagaya da motar ba kowa ciki, lafiya lau. Aka mayar da mu, ƙit. Makaniken ya ce shi dai abin ya fi ƙarfin sifana. Ina ta roƙon Allah cajin ya ƙare, amma ranar nan kayan araha suka nuna ƙarko.

Kafin in sauya mota a Gusau in isa Bungudu rana ta take. An raɗa suna tun da safe, an yanka rago, wanzami ya gama aski har ya ci ya wanke hannu. Gidan Balkisu cike da mata. An kai daro da kujera cikin ɗakin mai jego, ɗaki mai ƙaramar taga, labule a sake. Kulu na tsaye kusa da kujerar, ta riga ta naɗe hannun riga.

Na ce a ba ni buta in zaga tukuna. Kulu ta ce ruwa ya huce sau biyu an sake ɗorawa, jaririya ta gaji da kuka. "In tafiya ta gajiyar da ke, Yaya, miƙo ƙwaryar ki je ki huta, ba abin kunya ba ne ga mai shekarunki." Kulu ba ta taɓa ce mini Yaya ba sai in da mugunta a ciki. Na dubi buta, na dubi hannunta da ta miƙo. Na ce wa kaina zan naɗe zane iya ƙwauri kawai, wa zai leƙa sama? Na ratsa mata, na yi bisimilla, na sauka kan kujerar nan a hankali, ba dafa bango, ba nishi. Mata suka yi guɗa. A cikin guɗar, ni kaɗai na ji ƙit.

Na fara naɗe zane, yatsa ɗaya, yatsa biyu. Na tsaya na yi wa jaririya addu'a mai tsawo. Na ƙara yatsa ɗaya, na yi wa iyayenta. Na fara yi wa kakanni da suka riga mu gidan gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, ina neman dabara. Kulu ta ce wai tsufa har naɗe zane ya hana ni, bari ta taya ni kada kayan fitar su jiƙe. Kafin in kama hannunta ta sunkuya ta yaye zanen duka biyun zuwa cinya.

Ɗakin ya yi ja.

Ruwan daro ya koma zoɓo. Fuskar Kulu, da ke daf da gwiwata, ta yi kamar an tsoma ta a manja. Balkisu ta juya da jaririya ta ba mu baya. Wata tsohuwa ta fara a'uziyya. Wata ta ce ƙafar Inna ta kama wuta, ta sunkuci bokitin ruwan sanyi. Ni kuwa na ce bari in kashe, na lanƙwasa ƙafa da sauri, ƙit, sai ta koma ƙifta ido. Ja, duhu, ja, duhu, fuskokin mata na ɓullowa suna ɓacewa. Daga bakin ƙofa wata ta ce, a natse kamar mai ba da labarin kasuwa, "Inna ta sa danja kamar mota, za ta sha kwana."

Wadda ta cece ni daga bokitin nan ita ce Sista Rahila, maƙwabciyar Balkisu, ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, ita ta karɓi haihuwar. Ta riƙe hannun mai bokitin ta ce ba wuta ba ce, kowa ya natsu. Ta durƙusa ta nemi kwance ƙullin, ya ƙi. Mata uku suka gwada, ya ƙi. (Na faɗa muku ƙullina ba ya kwancewa. Ko a wannan hali sai da na ji ɗan alfahari.) Sai da aka kawo wuƙar yankan albasa aka yanke tsummokaran. Sista ta ɗaga ɗamarar ta kashe, ta juya ta gaba da baya, ta dubi gwiwata da ke ƙyalli da man kaɗe, ta tambaye ni tun yaushe nake ɗaura ta haka. Na ce sati huɗu ba kwana ɗaya. Ta ce kullum haka, ƙwayayen na waje? Na ce to da ina za su kalla?

Ta cije leɓe. Yarinyar nan tana da tarbiyya, ta yi ƙoƙari. Ta ce, "Inna, hasken fata ake so ya taɓa. Wannan gefen shi ke kwanciya a jiki. Wata guda ke nan kina yi wa zanenki magani."

Ban san mata na iya dariya har su zauna a ƙasa ba sai ranar. Nafisa mai jego tana riƙe ciki tana roƙo a bari don Allah, ɗinki zai buɗe. Na ce a raina, in akwai wadda ta sha maganin nan a duniya, kazata ce. Na tambayi Sista, to sauƙin da na samu fa? Ta ce ba za ta yanke ba, amma murzar da nake yi da man kaɗe, da zama da tashin da nake yi kullum don in kunna ta, su ne irin abin da suke roƙon tsofaffi su yi a asibiti suna ƙi.

Nan na ga ƙofa. Na ɗaga kai na ce to kun ji, gashina da man kaɗena suka yi aiki, fitila ba ta taɓa ni ba, maganata ta bara tana nan. Kulu ta share hawayen dariya da gefen mayafi. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma kunnenta lafiya lau. Ba a ce ranar da fitila ta yi magani ba, cewa aka yi ranar da aka gan ta a ƙafa. Ta juya ga mata ta ce, "Kun gani?" Suka ce har waɗanda ke tsakar gida sun gani.

Baki shi ke yanka wuya. Na kwance mayafi, na ɗauko ƙwaryar Kaka da hannu biyu, na miƙa mata. Kowa a ɗakin ya san abin da na miƙa. Kulu ta karɓa, ta shafa ɗinkin bakinta, ta daɗe tana kallonta. Na yunƙura zan ba ta kujera. Ta dafa kafaɗata ta mayar da ni.

"Zauna, mai danja. Ƙwarya aka yi alkawari, ba ƙafafu ba. Ni hawa babur na iya, wagga kujera in na sauka sai an kira maza."

Haka aka yi wankan. Jaririya a kan ƙwaurina, soso da sabulu a hannuna, Kulu na tsaye tana zuba ruwa da ƙwaryar, kowace zubawa da baƙar magana guda. Da aka gama na tashi da kaina, na rantse, hannu ɗaya kawai na dafa, shi ma kafaɗar Kulu ce, kuma da gangan na danna.

Yanzu ƙwaryar na rataye a Bungudu. In za a sa ranar biki, gidan Kulu ake fara zuwa, daga baya a biyo ta Tsafe a ce mini an sa. Yarinyar sunanta Aisha, amma ba mai kiranta sai Haske. Ni kuwa daga Bungudu har tashar Tsafe na zama Inna Danja, har jikokina in na tashi tafiya sai su tambaya dama zan yi ko hagu. Direban nan ma labari ya kai masa. Ya aiko a gaishe ni, ya ce a tambaye ni lafiyar gyare.

Sista ta sa Balkisu ta kai ni asibiti, likita ya duba ya ce ƙashin ya sha tafiya, in ci gaba da motsa shi. Fitilar ina ɗaura ta har yau, ƙwayaye a ciki, ƙofa a buɗe, kuma abin nan mai kama da ƙarangiya yana mannewa lafiya lau, ashe ba laifin araha ba ne. Tana ɗan sassauta mini da safe, ba zan yi mata ƙarya ba, ba kuma zan yi mata kirari ba. Ina nan dai tsohuwata, ba ta mayar da ni yarinya ba.

Abin da na koya, ku riƙe shi ku da kuka yi boko da ku da ba ku yi ba. In ana dariyar maganarka a taro, nan ne wurin rufe baki, kada ka ɗora abin da ke rataye a ɗakinka a kai. Bayanin da ka ƙi tsayawa mutum ɗaya ya yi maka a cikin shago, mata cike da ɗaki za su yi maka shi kyauta, zanenka a yaye.